Muhawara: Shin ARM ta kori x86 daga laftof?

Injiniya: Jama'a, ni dai na ce x86, tsarin furosesa na Intel da AMD, ya gama yayi a laftof, ARM, tsarin furosesa irin na wayoyi, ta kore shi. Tun da Apple ta fito da furosesarta ta ARM mai suna M1 a 2020, MacBook Air ko fanka babu, batir kuma sai ya yini. A 2024 Qualcomm ta biyo baya da Snapdragon X Elite. Me ya rage wa Intel da AMD?

Malama: Injiniya, a bi a hankali. Apple ita ke tsara furosesa, ita ke da macOS, har ta gina wa M1 wani yanayi na jera aikin ƙwaƙwalwa irin na x86 don Rosetta 2, mai yi wa manhajojin x86 tafinta a kan ARM, ta yi sauri. Windows ba haka take ba. Manhajarta Prism tana yi wa manhajojin x86 tafinta, amma ba ta taɓa direbobin da ke aiki can cikin zuciyar Windows, wato manhajojin da ke haɗa ta da na'urori. Dole sai an sake gina su don ARM64, wato ARM mai bit 64. Shi ya sa tsohuwar firinta, wasu VPN da manhajojin hana maguɗi a wasanni suke ƙin tashi sam.

Injiniya: Ai Chrome, Office da Photoshop duk suna da na ARM yanzu, Malama.

Malama: Suna da shi. Amma ka duba ƙananan kayan da ake liƙa musu. Idan manhajar ta ARM64 ce zalla, ƙarin x64, wato na x86 mai bit 64, ba zai shiga cikinta ba.

Baba Mai Gyara: Yarana, ku duka kun ɗora laifi a kan jerin umarni, wato yaren da furosesa ke ji, x86 ko ARM, alhali ba nan gizo ke saƙar ba. Ku dubi furosesan Lunar Lake na Intel, Satumbar 2024. x86 ne, amma batirinsa ya kusa kamo na Snapdragon. Me suka yi? Kamfanin ƙera furosesa na TSMC suka ba aikin ƙera shi, suka cire Hyper-Threading, dabarar sa cibiyar furosesa ɗaya ta ɗauki aiki biyu a tare, suka ɗora RAM a jikin furosesa. Illar kuwa, 16GB ko 32GB ka saya, a haka za ka tsufa da ita, ba ƙari.

Ɗalibi: Baba, ni Linux nake so. Wanne zan ɗauka?

Baba Mai Gyara: Intel ko AMD, ɗana. A x86, wani tsari na bai-ɗaya mai suna ACPI ke gaya wa Linux abin da ke cikin na'ura. Laftof ɗin Snapdragon kuwa kowane samfuri sai an rubuta masa nasa bayanin kayan ciki, in babu, ka tarar sauti ko kyamara shiru.

Injiniya: Duk da haka, Baba, ba don Apple da Qualcomm ba da Intel ba ta farka ba. Dala biliyan 1.4 Qualcomm ta biya ta sayi Nuvia, kamfanin tsara furosesa, a 2021, har Arm, kamfanin da ke da tsarin ARM, ta maka ta a kotu a kai.

Malama: Wannan na yarda. Amma farkar da abokin gasa daban, korarsa daban. Kafin kowa ya saya, ya rubuta manhajoji da na'urorin da yake jonawa, ya bincika ɗaya bayan ɗaya ko akwai direban ARM64.