Allon Mma: mu gyara hoton ne ko mu rubuta suna kawai?

Ɗan Mai Tuwo, Aboabo:

Salamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, amma don Allah a rage dariya. Mma, mahaifiyata, tana sayar da tuwo zafi a unguwar Aboabo da ke Kumasi, Ghana, tun ina goye, ba allo ba komai, tebur ne da benci biyu da manyan tukwane. Bana Allah ya hore mana kwantena a bakin titi, ni kuma da ɗan bokona na dage sai an yi allo. Na kai wa wani mai fenti sidi 350, na ce masa ban son rubutu, tunda yawancin masu cin tuwon Mma 'yan kayayo (masu dako) ne da direbobin pragya (keke mai ƙafa uku) da tsofaffi, ba kowa ke karatu ba. Ya zana malmala fara sol a cikin kasko, koriyar miya ta kewaye ta, ga zabuwa tsaye a gefe tana kallon titi. Ni dai ya yi mini kyau.

Ranar farko wani Ba'asante ya shigo, ya wanke hannu, ya gyara zama, ya ce a ba shi fufu. Ranar Lahadi wasu suka taso daga coci suna neman tuwon shinkafa da miyar gyaɗa. Wanda ya fi ƙona wa Mma rai shi ne wata mata da ta tsaya tana tambayar nawa muke sayar da zabi masu rai, wai suna gare ta. Mma ta kalle ni ta ce, "Shekara 25 ina tuƙa tuwo, ba wanda ya taɓa kiransa fufu sai da ka kawo mini allo." Yanzu haka allon yana jingine, fuskarsa na kallon bango.

To me za mu yi? Hoto ne ya fi isar da saƙo, mai fentin ne bai iya ba? Ko a goge a yi rubutu? In rubutu ne, da wane yare, a garin da Hausa da Twi da Dagbanci da Turanci ke cin abinci a benci ɗaya?

Mai Aski na Sawaba:

Wa alaikumus salam. Ni da hoto nake cin abinci, ka san ɓangaren da zan tsaya. A ƙofar shagona akwai allo mai kawuna 12, kowane kai da lambarsa. Mutumin Burkina zai shigo, ba ya jin Hausa, ni ba na jin Faransanci, ya nuna lamba 7 da yatsa, shi ke nan mun gama magana. Amma bari wanda muke jin yaren juna ya ce "rage sama kaɗan". Kaɗan ɗinsa daban, kaɗan ɗina daban, ƙarshenta sai an kai ga sakora, wato ƙwal-kwabo, kowa ransa a ɓace.

Laifin mai fentinka ne. Tuwo, fufu, banku, tuwon shinkafa, duk malmala ce a kwano. Da ya zana abin da ya raba su: hannu ya ɗago loma, yauƙin ayoyo yana binta, ga jar miya a gefe. Zabuwar kuma ai gasasshiya ake zanawa. Wa ya ce masa ya ba ta ƙafafu?

Malama Asawase:

Ƙanena, gaishe da Hajiya, ka ce mata tana da gaskiya rabi. Na taɓa aikin rumfar zaɓe, a can na ga ƙarfin hoto, a can kuma na ga iyakarsa. Tun 1992 tsofaffinmu ke zaɓe da giwa da lema, alamun jam'iyyun NPP da NDC, wasunsu har yau suna cigiyar jan zakaran jam'iyyar CPP. Tsohuwar da ba ta san harafi ko ɗaya ba, ba za ka ruɗe ta tsakanin giwa da lema ba. Wannan aikin hoto ne, kuma ya yi shi.

Amma a zagayen farko na zaɓen shugaban ƙasa na 2008 ƙuri'u sama da 200,000 aka soke, alhali a zagaye na biyu tazarar da ke tsakanin Atta Mills da Akufo-Addo ba ta fi 40,000 da 'yan ɗaruruwa ba. Na ga irin takardun da ake sokewa da idona lokacin ƙirga: wani ya dangwala wa mutum biyu, wani ya dangwala kan layin da ya raba su, wani kuma tawada ce ta shafi wani gidan garin ninkewa. Hoto ya gaya musu wane ne wane. Bai iya ce musu "sau ɗaya kawai" ba, bai iya cewa "goge yatsanka kafin ka ninke" ba. Sai da baki ake faɗin wannan, shi ya sa ake bin masallatai da kasuwanni ana bayani kafin ranar. Duk maganar da ke da "kada" ko "idan" ko "sai gobe" a cikinta, hoto yana shan wuya da ita. Gwada zana mini "yau babu nama" in gani.

Malam na Alabar:

Yaro, bari in ƙara a kan abin da Malama ta faɗa. Mutane suna zaton hoto ba ya bukatar karatu. Yana bukata, sai dai ba a makaranta ake yinsa ba. Dubi kujerar robar da kake zaune a kai, wataƙila akwai tambarin Gye Nyame a bayanta. Duk ɗan Kumasi ya san ma'anarsa "sai Allah". Wani baƙona daga Katsina ya ƙura masa ido, ya ce mini wannan ƙaguwa ce ko kunama? Haka tsuntsun Sankofa mai waiwaye da ƙwai a baki: in ba a gaya maka karin maganar da ke bayansa ba, cewa ba laifi ka koma ka ɗauko abin da ka manta, agwagwa kawai za ka gani tana susar baya. Ka je Ntonso, kan hanyar Mampong, ka ga masu buga irin waɗannan tambura, wato adinkira, a jikin zane da hatimin ɓawon duma. Kowane hatimi suna gare shi, kuma sunan ne ke ɗauke da maganar.

Kuma su kansu Tonawa, wato mutanen Asante, sun san inda tambari ya tsaya. Lokacin da Baturen Ingila Bowdich ya zo garin nan a 1817, ya tafi da zanen adinkira wanda har yau yana gidan tarihi a Landan. Amma a fadar sarkinsu Osei Bonsu ya tarar da malamai Musulmi, su ke rubuta wa sarki wasiƙu da Larabci. Sarki mai tambura iri-iri, in zance ya kai ga yarjejeniya ko saƙo zuwa arewa, alƙalami yake nema.

Ba'asanten da ya nemi fufu bai yi kuskure ba, ya karanta allonka ne da abin da ya saba ci a gidansu. Zabuwar kuwa, ka san akwai malaman da ba sa son zanen abu mai rai, to goge ta ka huta ta fuska biyu.

'Yar Tafo:

Kai ku kuna da dogon zance! Rubuta TZ, wato tuwo zafi, baƙaƙe biyu, manya-manya da jan fenti. Daga Bolga a arewa har Nima a Accra wa bai san su ba? Kakata ba ta taɓa shiga aji ba, amma daga nesa take gane TZ, kamar yadda take gane rawayar lemar mai MoMo, mai tura kuɗi ta waya. A wurinta ba rubutu ba ne, siffa ce ta haddace. Sauran aikin kuma ƙamshin daddawa zai yi.

Ɗan Mai Tuwo, Aboabo:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malam, na karanta wa Mma zancen ƙaguwa, ta yi dariya har da hawaye. Mai fentin ya dawo jiya, ya ƙara karɓar sidi 80. An goge zabuwa, an bar kaskon, an ƙara jar miya kamar yadda Mai Aski ya ce, an sa TZ a sama. Yau mutum ɗaya ne kawai ya nemi fufu, shi ma ina jin tsokana ce.

Sai dai Mma ta kawo tata. Ta ce tunda an ɓata kuɗi, a zana mata "ba bashi". Mai fenti ya daɗe riƙe da buroshi, ya ce Hajiya wannan kam ban san kamanninsa ba. Dole aka rubuta shi a ƙasa, da Hausa da Turanci. Direbobin pragya da nake gani kullum suna karanta saƙo a waya, tun safe suke rantse mini cewa ba su iya karatu ba.