Wai takardar shaidar etanol ɗin rake sayenta ake yi?

Bashir: Jama'a ku bar ni in amayar da abin da ke cikina. Kwana uku na yi ina bibiyar yadda ake lissafa hayaƙin etanol ɗin rake, wato man mota da ake tacewa daga rake, na rubuto dogon sharhi na turo nan, ko uffan babu wanda ya ce. To ga shi a gajarce: takardar shaidar da ake ba masana'antun etanol wai mansu ba ya cutar da muhalli, sayenta ake yi. A Brazil, bisa dokar RenovaBio ta 2017, masana'anta ce ke zuba alƙalumanta a ma'aunin lissafin hayaƙi na RenovaCalc: takin zamani nawa ta watsa, dizal nawa taraktoci suka sha, lita nawa ta tace daga tan ɗaya na rake. Ita za ta ɗauko kamfanin da zai duba, ita za ta biya shi. Abin da ya fi ƙona min rai, idan rake ya cinye makiyaya, shanu suka matsa gaba aka sare musu daji, wannan ba ya shiga lissafin.

Hajiya Rabi: Bashir, janye kalmar "saye". Biyan kuɗin aiki daban, saye daban. Kamfanonin dubawar sai hukumar ANP mai kula da harkar mai a Brazil ta amince da su, kuma ana baje sakamakon a fili jama'a su yi ƙorafi kafin a ba da takardar.

Bashir: Hajiya, kin ba da kuɗi an miƙo miki takarda. Me ake kiran wannan da Hausa?

Hajiya Rabi: Wanda ya biya kuɗin jarrabawa sayen sakamako ya yi?

Bashir: Idan shi ya zaɓo mai makin, ƙwarai kuwa.

Nura: Ai gaskiyar Oga Bashir ce, sayarwa ake yi a fili. A kasuwar hannun jari ta B3 da ke Sao Paulo ake cinikinta, kowa ya sani.

Hajiya Rabi: Nura, ka taimaki abokinka da yin shiru. Wanda ake sayarwa a B3 sunansa CBIO, kowane ɗaya na nufin tan guda na iskar kabon da aka kauce wa fitarwa, kuma dillalan mai ne doka ta tilasta wa saye. Takardar shaidar masana'anta wani abu ne daban.

Nura: To ba ga shi kin ce "saye" da bakinki ba?

Malam Tukur: Ni a wajena "saye" ta yi tsauri. A ce "haya", tunda takardar tana ƙarewa sai an sabunta.

Bashir: Malam, har da kai? Haya kuma?

Zainab: Ku dawo kan zancen shanu, nan ne maganar take. Jihar Kalifoniya ta Amurka tana sa wannan a lissafinta. A 2009 ta ɗora wa etanol ɗin rake giram 46 na iskar kabon a kan kowane megajul (ma'aunin makamashin da mai ke bayarwa) saboda sauyin amfani da ƙasa, a 2015 ta rage shi zuwa 11.8. Rake ɗaya, gona ɗaya, hanyar ƙiyasi kawai aka sauya. Wannan bai dame ku ba?

Nura: Haya ko saye, kuɗi dai sun fita daga aljihu.

Auwal: Duk wannan ma kare rake kuke yi. Amurka ta fi kowa tace etanol a duniya, da masara take yi, ba ta wannan surutun.

Hajiya Rabi: Masara? Hukumar kare muhalli ta Amurkan da kanta, a 2010, ta ce na rake yana rage hayaƙi da kashi 61 cikin ɗari idan aka gwada da fetur, ta sa shi a ajin da na masara bai shiga ba. Masana'antar rake da tuƙarsa take hura tukunyarta, har ta sayar da ragowar lantarki. Ta masara galibi da iskar gas take aiki.

Auwal: Hajiya, ke kullum kina bayan rake, kamar kina da hannun jari.

Hajiya Rabi: Ɗana, ka iya bakinka.

Nura: Ga hoto nan na turo. Ku duba gonar rake tana ci da wuta, hayaƙi ya turnuƙe sama, baƙin toka na zuba a kan rufin motoci. Wannan ne mai takardar tsafta?

Malam Tukur: Hoton yaushe ne? A jihar Sao Paulo sun yi yarjejeniya a 2007 cewa zuwa 2014 za a daina ƙona rake kafin yanka a duk inda injin girbi zai iya shiga.

Nura: A wani zaure na gani.

Malam Tukur: Ka ji. Wataƙila gobarar watan Agustan 2024 ce, lokacin fari. Gobara daban, ƙonawa da gangan daban.

Nura: Wuta dai wuta ce, Malam.

Auwal: Har yanzu Hajiya ba ta musa zancen hannun jarin ba fa.

Zainab: Wai babu wanda ya ga abin da na rubuta? Ga kuma ƙa'idar Turai da masu ba da takardar shaida irin su Bonsucro da ISCC ke bi ga mai son kai kaya can: ana duba ko an sare daji a gonar bayan Janairun 2008. Gonar kanta ake dubawa, ba inda shanun suka koma ba.

Bashir: Bonsucro ɗin ma wa ke biyan masu dubawarta? Saye ne.

Hajiya Rabi: Mun koma gidan jiya.

Malam Tukur: A matsayina na mai kula da zaure, bari in rufe. Abin da aka cimma: kalmar "saye" ba ta tabbata ba, mafi yawan masu hankali sun karkata ga "haya". Hoton Nura ba shi da asali. Auwal zai ba Hajiya haƙuri. Bashir ya zo da zafi amma bai kawo hujja ba. Zainab ta kawo wasu lambobi, Allah ya saka.

Bashir: Malam, wa ya karkata ga "haya" ban da kai?

Malam Tukur: An rufe.