Wai me yasa ake sa hannu kan tsagaita wuta amma a wayi gari ana harbi?

Ɗan_Rigasa:

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Dan Allah ina da tambaya ga masu bin labaran duniya, abin ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya. Tun da yaƙin Sudan ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 tsakanin sojojin gwamnati na Janar Burhan da dakarun ɗaukin gaggawa na RSF da Hemedti ke jagoranta nake bibiyarsa, saboda ƙanina yana cikin ɗaliban da aka kwaso daga Khartoum kuma har yau akwai abokansa Hausawan can da bai ƙara jin ɗuriyarsu ba. Abinda na kasa ganewa shine, da ƙaramar sallah ta zo a satin farko akace an tsagaita wuta na awa 72, amma ranar idi ɗin ma harbi ake, Amurka ta sake haɗa wata ta awa 72 itama haka, sai aka tafi Jidda a watan Mayu akace yanzu kam da gaske ne kwana bakwai, aka ƙara biyar, kafin watan ya ƙare sojoji sun janye daga tattaunawar. A 2024 kwamitin sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya roƙi a dakata albarkacin azumi, ko kallo basu ishe su ba. Kuma kullum kowa cewa yake ɗayan ne ya fara.

To wai dama tun farko yaudara ce suke zuwa yi, ko akwai wani abu da mu na nesa bamu sani ba? Ba dan Sudan kaɗai nake tambaya ba gsky. Dangin mahaifiyata mutanen ƙasar Birnin Gwari ne, wasunsu suna zaune a wajenmu tun da aka tada ƙauyensu, yanzu da akayi sulhu da 'yan bindigar daji suna maganar komawa gona harda mata da yara, ni kuma hankalina ya ƙi kwanciya.

BabaSoja_Kawo:

Wa alaikumus salam ɗana. Nayi aikin ECOMOG, wato sojojin kiyaye zaman lafiya na Afirka ta Yamma, a Laberiya da Saliyo kafin na ajiye kaki, bari in gaya maka abinda idona ya gani.

Wanda yake sa hannu a otal daban, wanda yake riƙe da bindiga a shinge daban. Soja na gwamnati yana da albashi ƙarshen wata, in akace ajiye wuta ya ajiye, abincinsa na nan. Yaron ɗan tawaye bashi da albashi, albashinsa shine abinda ya ƙwata a hanya da abinda ya wasashe a gidan mutane, to kai kana ganin ranar da ogansa ya sa hannu a Abuja ko Jidda me aka ce masa? An ce masa daga yau babu ci. Sau da yawa zamu tare yaro ɗan shekara sha biyar da AK a kafaɗa muce an yi sulhu, yace shi kwamandansa bai gaya masa ba, kuma wlh wani lokacin gaskiya yake faɗa, wani lokacin kuma kwamandan ne yace kar ya ji. Shi babban in ya matsa ma yaran su daina sai su koma wajen wani kwamandan, shiyasa yake kau da kai.

Na biyu, shiru a fagen daga dama ce. Lokacin da aka daina harbi ne ake shigo da harsashi, a kwashe masu rauni, a matsa a kama gada ko tudu da ba'a iya kamawa da wuta. Ɗaya ɓangaren yana hango motoci na motsi sai yace in na jira sun gama shiri na mutu, sai ya buɗe wuta, kuma in ka tambaye su waye ya karya, wanda ya matsa ko wanda ya harba, kowa na da bakin magana.

A Laberiya yarjejeniyoyi sun fi goma kafin ɗaya ta kama. Ta Abuja ta watan Agusta 1995 har kujeru aka raba ma shugabannin 'yan tawaye su Charles Taylor da Alhaji Kromah a majalisar mulki, amma a Disamba mutanen wani madugun 'yan tawaye Roosevelt Johnson suka far ma sojojinmu a Tubmanburg, ranar 6 ga Afrilu 1996 kuma Monrovia ta kama da wuta. Sai da aka dawo Abuja a Agusta 1996 aka sa ranakun karɓar makamai aka kuma ce duk wanda ya saɓa za'a sa masa takunkumi, aka ƙaro sojoji, sannan aka samu akayi zaɓe a 1997. Saliyo ma haka, a Lome 1999 aka yafe ma madugun 'yan tawaye Foday Sankoh komai aka bashi matsayi daidai da mataimakin shugaban ƙasa harda kula da ma'adinai, wato lu'ulu'un da yake yaƙi dominsa, ko shekara ba'ayi ba a Mayu 2000 yaransa suka kama sojojin Majalisar Ɗinkin Duniya kusan 500. Bai natsu ba sai da aka kama shi. Allah ya jiƙan 'yan uwanmu da muka baro a can.

Malama_Hauwa:

Baba Allah ya ƙara lafiya, ka faɗi na cikin fili, ni kuma zan ƙara na kan takarda. Malam Ɗan Rigasa, in ka duba abinda aka sa hannu a Jidda ranar 11 ga Mayu 2023 alkawari ne na kare fararen hula, a fita daga asibitoci, a bar kayan agaji su wuce. Ta ranar 20 ga wata itace ta kwana bakwai ɗin, kuma an kafa kwamitin sa ido na Saudiyya da Amurka da ɓangarorin biyu, amma daga nesa suke sa idon, babu wani soja na tsakani ko ɗaya a titunan Khartoum da zai ce kai tsaya nan kai tsaya can. RSF suna zaune cikin gidajen mutane sun ƙi fita, sojoji kuma suna luguden wuta ta sama, kowa ya riƙe laifin ɗan uwansa ya zama hujjarsa. Sati biyu bayan rushewar zaman aka kashe gwamnan Darfur ta Yamma, Khamis Abakar, a El Geneina.

Kuma mu faɗi gaskiya, da yawa ba dan sun gaji suke sa hannu ba, dan kar ace sune suka ƙi ne. Muddin kowane ɓangare yana ganin zai iya cin yaƙin, ga zinare yana fita ana samun kuɗi, ga masu turo makamai da jirage marasa matuƙi daga waje, to takarda bata da nauyin da zata danne shi. Sudan ta Kudu, gwamnati da 'yan tawaye sun sa hannu kan yarjejeniyar tsagaita wuta a Addis Ababa a Disamba 2017, ranar da ta fara aiki ranar aka fara zargin juna, su suna da masu sa ido a ƙasa ma, suna rubuta rahoto suna faɗin wanda yayi, amma da babu hukunci sai rahoton ya zama na ajiya.

Inda na ɗan saɓa da masu cewa aikin banza ne shine, ko wadda aka karya tana rage wuta na ɗan lokaci, kuma a wannan ɗan lokacin rayuka ke fita. Ka tambayi ƙaninka, cikin waɗancan awa 72 da ake ta sabuntawa ne motocin ɗalibanmu suka bar Khartoum suka nufi iyakar Masar, duk da wahalar da suka sha a boda. Kuma akwai inda ta riƙe, a Kolombiya 2016 gwamnati da 'yan tawayen FARC da Majalisar Ɗinkin Duniya tare suke fita duba ƙorafi, aka tara mayaƙan a sansanoni da aka sani, 2017 aka zuba makamansu a kwantena aka rufe. Wasu sun ɓalle sun koma daji, amma babbar ƙungiyar bata koma yaƙi ba.

Direban_Mando:

Slm. Ni ban san Sudan ba amma hanyar Birnin Gwari itace abincina, dan haka bari in sa baki a nan. Kafin sulhun nan sai mu taru mu jira rakiyar sojoji, in ka wuce Buruku kowa a motar yayi tsit sai salati, tsakanin Udawa da Birnin Gwari kuwa abokan sana'armu nawa aka ɗauke, wasu an biya kuɗin fansa sun dawo wasu har yau. Tun da gwamna Uba Sani ya je a Nuwamba 2024 aka karɓi tubabbu aka buɗe kara da ta shekara da shekaru a rufe, wlh mun ga canji, ina ɗauko buhunan masara daga wuraren da da ko da kuɗi bazan shiga ba. Duk wanda yace sulhu bai amfana komai ba bai taɓa kwana da tunanin ko zai dawo gida ba.

Amma ɗan uwa kar in ruɗe ka. Maganar da Baba yayi itace dai a dajin nan, ba shugaba ɗaya garesu ba, kowace daba da kacallanta, wanda yayi sulhu a nan bashi da iko da wanda zai tsallako daga Zamfara ko Neja ko Katsina, kuma daji ɗaya ne ba katanga. Sannan bindigogin suna hannunsu. Mun ga na Katsina, Masari yayi sulhu 2016 ya sake 2019, daga baya da bakinsa yace sun ci amana bazai ƙara ba. Mun ga Auwal Daudawa da ya kwashe yaran Ƙanƙara a Disamba 2020, ya zo Gusau a Fabrairu 2021 ya miƙa bindigogi ya rantse da Alƙur'ani, kafin watan Afrilu ya ƙare ya koma daji, can kuma aka kashe shi. Buharin Daji ma yayi sulhu da gwamnatin Yari ya warware.

Shawarata maza su fara zuwa su gyara gona su ga yanayi, su tambayi mai gari da waɗanda suka riga su komawa ko ana karɓar kuɗin noma, mata da yara su dakata tukun. Kar a tafi da shanun huɗa da sabon mashin a zuwan farko.

Abu_Aisha_TudunWada:

Ni dai ku yi haƙuri raina ne a ɓace da maganar nan. Ku tuna 17 ga Oktoba 2014, babban hafsan tsaro Alex Badeh ya fito yace an cimma tsagaita wuta da Boko Haram har ana cewa za'a sako 'yan matan Chibok, mutane suka saki jiki, kafin wata ya ƙare Mubi ta faɗi, Shekau ya fito a bidiyo yace shi bai san zancen ba. Da wa aka zauna? Waye ya biya mutanen da suka yarda da sanarwar? Kuma ba'a haɗa Burhan da Hemedti masu rigimar mulki da ɓarawon da ya kashe maka uba ya kore maka shanu sannan ace ka zauna dashi a kasuwa ɗaya ba kotu ba diyya ba ko ban haƙuri. Matan da aka mayar zawarawa fa, an tambaye su kafin a yafe? Malam direba ina tayaka murnar hanya, Allah ya ɗorar, amma wanda aka zalunta in ya ga wanda ya zalunce shi yana yawo da bindigarsa wata rana zai rama, daga nan sai ace an karya sulhu.

Ɗan_Rigasa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malam Abu Aisha wlh maganarka ta taɓa ni dan kawuna yana cikin waɗanda aka kashe a gona. Baba dan Allah, tunda ka ga irin wannan da idonka, akwai alamar da mutum zai gani ya san sulhu ya fara lalacewa kafin abin ya fashe?

BabaSoja_Kawo:

Allah ya jiƙan kawunka ɗana, ya sa ya huta. Akwai. Ba da babban hari ake farawa ba, da ƙanana ake gwadawa, a ƙwace mashin ɗaya, a kore shanu biyar, a ɗauke mutum ɗaya a bakin gona, suna kallo su ga me zai biyo baya. In aka kai ƙara aka dawo da mashin ɗin kuma kacallan ya hukunta yaronsa kowa ya gani, sulhun na da rai. In akace a yi haƙuri kar a ɓata zaman lafiya, ko akace ai ba 'yan nan bane baƙi ne, kuma aka maimaita, to a fara shiri. Ku lura kuma in suka daina shigowa kasuwa da matansu, ko suka fara sayen man fetur da yawa a jarkoki, ko aka ga baƙin fuskoki a kan mashina. Haka in 'yan sa-kai suka tare wani Bafulatani a hanyar kasuwa suka taɓa shi ba'a hukunta su ba, shima karya sulhu ne kuma ramuwar kan ƙauye take sauka. Kafin mutanenku su tafi su san waye ake kaiwa ƙara a yankin, su karɓi lambar wayarsa da ta sojojin da ke kusa, su kuma duba ko akwai sabis a ƙauyen, in babu su san inda ake hawa a samu.