Gashin gaban goshina na ta zubewa tun da na haihu

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah a ɓoye sunana. Wata huɗu ke nan da haihuwata, haihuwar fari. A gida na yi wankan jego wajen Mama, kuma gaskiya an kula da ni, kunun kanwa da ruwan zafi safe da yamma har aka yi arba'in. Ana gobe suna aka zauna min kitso ƙanana tun azahar har bayan isha'i, don dangin maigida za su zo da yawa, kun dai san yadda ake ƙare wa mai jego kallo. Kowa ya yaba. To yanzu in na tsefe kai sai mataji ya cika dam, in na yi wanka in tsince shi a bakin rariya. Gefen goshina duka biyu ya yi fayau, har ja nake wa ɗankwali gaba. Surukata ta ce in aske tas zai fito da kauri, ƙawata kuma ta ce shayarwa ce ke shanye shi. Ya zan yi?

Hajiya Babba:
'Yata, ki bi maganar surukarki. Aski shi ne magani, mu haka muka taso muka gani. Ki aske, ki riƙa shafa man shanu da hulba, in ya fara tsirowa ki sa chebe, garin gyaran gashin nan na Chadi. Matan Chadi gashinsu har gadon baya, kin taɓa jin sun je asibiti saboda gashi?

Anti Nas:
Hajiya, a yi haƙuri, aski ba ya ƙara kauri. Reza saman fata take yankewa, tushen yana ciki, ba ta kai gare shi. Sabon toho ne yake da kaifin baki shi ya sa ake ganin kamar ya yi kauri. Ƙanwata, lokacin ciki gashin da ya kamata ya zube ba ya zubewa, sai bayan haihuwa da wata 2 zuwa 4 ya zubo gaba ɗaya. Yawanci kafin yaro ya shekara ya dawo daidai, kuma ba ruwan nono a ciki, waɗanda ba sa shayarwa ma yana samunsu. Abin da ya fi damuna gefen goshin nan. Wane irin kitso kike yi yanzu? Kina sa rilaksa?

Mai tambaya:
Ina sa wa, amma ai ba kullum ba, duk wata ne in ya yi tauri. Kitson kuma ƙanana nake yi, maigida ba ya son manya. Makitsiyata hannunta na da kyau, kwana biyu kawai nake shan Panadol ya saki.

Uwar Biyu:
Ni kam kar a yi min maganar makitsa. Na kai 'yata kitson sallah, matar ta ja kan yarinya har ƙuraje suka feso mata a ƙeya, da na yi magana ta ce wai tsautsayi ne. Kuɗina ma ba ta rage ko sisi ba. Har yau ba ma gaisawa.

Anti Nas:
Kitson da sai an sha magani ai ya gama faɗa miki komai. Jan nan yana raunata tushen gashi, in aka daɗe ana yi wurin na iya mutuwa ya ƙi fitowa har abada. Gashi kuma kusan santimita 1 yake yi a wata, don haka rilaksa duk wata tana hawa kan wanda aka riga aka ƙona. A bar aƙalla sati 8 tsakani, ke kuwa yanzu ki dakata gaba ɗaya. Ki je a duba jininki ma, ƙarancin jini bayan haihuwa na ƙara zubar gashi.

Hajiya Babba:
Komai asibiti! Mun haifi tara ba a auna mana komai ba. Ki sa chebe kawai, kuma ki daina yawan wanke kai, ruwa ne ke cinye gashin 'yan yanzu.

'Yar Damagaram:
Chebe a jikin gashi ake shafawa Hajiya, ba a fatar kai ba, karyewa yake ragewa. Ni da na cusa shi a tushe na bar kai wata biyu ba wanki, amosani ne ya rufe ni, ƙaiƙayi har cikin sallah. Da karkashi na samu ya lafa.

Mai tambaya:
Na gode duka. Amma gaskiya ba na jin kitson ne, tun ina budurwa haka nake yi bai zube ba. Rilaksa kuma in na bari mataji ba ya shiga. Akwai bikin ƙanwar maigida nan da sati uku, ba zan je da kalaba guda huɗu ba. Hajiya, man shanun ɗanye ake shafawa ko soyayye?

Hajiya Babba:
Ɗanye 'yata. Amma sai kin aske tukuna.

Uwar Biyu:
Wai a ina kuke samun chebe mai kyau? Wanda na saya duk yashi ne.