Ziyarar Ƙasa Mai Tsarki a Ayari: Abin da Masu Zuwa Suka Ce

Da aka tattauna da waɗanda suka sha zuwa ziyarar wuraren ibadar Kirista a Isra'ila da Falasɗinu, bakinsu ya zo ɗaya a kan lokaci: a tafi tsakanin Maris da Mayu, ko Satumba zuwa Nuwamba, don zafin Yuli yana gajiyar da dattawan ayari. Makon Ista kuwa, cunkoso a Cocin Kabari Mai Tsarki da ke Urushalima ba a magana.

An fi daɗewa ana magana a kan tafiyar ƙafa. Via Dolorosa, hanyar da aka yi imani Yesu ya bi ɗauke da gicciye, tana da tashoshi 14 na tsayawa a yi addu'a, hanyar duwatsu ce mai matakala a tsohon birnin Urushalima, saboda haka takalmi mai taushi ya zama dole. Wata uwa ta ce kada a cusa Nazarat, Tekun Galili da Kogin Urdun a yini ɗaya, ni ma ra'ayina ke nan, addu'a ba ta son gaggawa.

Baitalami tana hannun Hukumar Falasɗinawa, akwai shingen bincike, a riƙe fasfo. Daga yammacin Juma'a zuwa yammacin Asabar motocin haya da shaguna da yawa a Isra'ila sukan tsaya saboda Asabaci, ranar hutun Yahudawa. A coci-coci kuma a rufe kafaɗa da gwiwa.