Wata takwas a Italiya, har yanzu bakina ya ƙi buɗewa

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah shawara nake nema. Wata takwas ke nan da na biyo maigidana Buresha. Shi shekararsa 11 a nan, Italiyanci ya zauna a bakinsa, amma idan na tambaye shi me ya sa ake cewa "il" a nan, "lo" a can, sai ya ce shi dai haka ya ji ana faɗa. Kullum bayan sallar asuba ina zama da manhajar waya, na cika littafi biyu da kalmomi. Ranar Talata malamar ɗana ta tare ni a bakin makaranta tana ta bayani. Na gane kusan rabi, amma "sì, sì, grazie" kawai na iya ce mata. Na dawo gida raina a jagule. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne namiji da mace a kalmomi, da yadda aikatau ke sauya kama. Ta ina zan kama?

Wata Hajiya daga Modena: Wa alaikumus salam ƙanwata. Ni daga Zangon Kumasi na zo, kuma sai da na yi shekara uku ina "sì, sì" ɗin nan. Waya ba za ta buɗe miki baki ba. Ki nemi CPIA, makarantar manya ce ta gwamnati, a larduna take da rassa, kuɗin rajista bai taka kara ya karya ba. Yawanci a watan Satumba ake fara aji, amma ki je ki tambaya ko yanzu. Kuma ki sani za ki buƙaci takarda: katin zama na dogon lokaci, wanda ake nema bayan shekara biyar, sai da shaidar iya Italiyanci ta matakin A2. Zama ɗan ƙasa kuwa, tun Disambar 2018 sai da B1, matakin da ke gaba da A2. Kada ki bari sai abin ya zo miki wuya.

Wani ɗalibi a Peruja: Yaya, namiji da macen nan da ke ba ki tsoro, ai da su aka haife ki. Masu Turanci ne ke shan wahala a nan. A Hausa riga, mota, gona duk mata ne, kuma da "a" suke ƙarewa. Haka Italiyanci: la casa, la scuola, la porta. Masu ƙarewa da "o" maza ne: il libro, il treno. Har 'yan tawayen ma akwai su ko'ina. Gida da ruwa da nama sun ƙare da "a" amma maza ne, haka il problema namiji ne, la mano kuma mace ce. Masu "e" ne ba su da alama: il pane, la chiave. Don haka kada ki ƙara rubuta kalma tsirara a littafinki, ki haɗa ta da il ko la ɗinta, ki haddace su a matsayin abu ɗaya. Shi kuma "lo" da maigida ya kasa bayani, yana zuwa ne gaban namijin da ya fara da z, ko s da wani baƙi ke biye da ita: lo zio, lo studente.

Wata garaɓasar kuma: kunnen da ya raba baba da babba ba zai rikita nono da nonno ba, ko pena da penna. Kuma c ɗin da ke cikin ciao da cena ita ce c ɗinmu ta cinya. Inda muke faɗuwa p da f ne, sai b da v. Na taɓa shiga shagon burodi ina son pane, abin da mai shagon ya ji ya fi kama da fame, wato yunwa. Ki tsaya gaban madubi: a p leɓɓa biyu ke haɗuwa, a f haƙoran sama ke taɓa leɓen ƙasa.

Wani ɗan Damagaram a Torino: In kina da Faransanci kin ci rabin hanya. In Turanci ne, ki yi hattara: camera ɗaki ne, parenti dangi ne, caldo kuma zafi. Mu ma Faransancin ya yaudare mu, fermare tsayarwa ne, mu kuwa rufewa muka sani.

Wani direba daga Napoli: Ni fa duk nahawun nan ban yarda da shi ba. Ban taɓa shiga aji ba, a kasuwa da tasha na koya, kuma babu wanda ya taɓa sayar da ni.

Ɗalibin Peruja: Yallaɓai, da girmanka, abin da ake ji a tashar Napoli rabinsa yaren garin ne, kuma jarabawar shaidar iya Italiyanci, CILS ta Siyena ko CELI ta Peruja, akwai rubutu a ciki. Amma ka yi gaskiya a wuri ɗaya, ba sai ta haɗiye nahawun duka ba. Yaya, ki riƙe lokaci biyu kawai yanzu: na yanzu, da wanda ya wuce, irin ho mangiato (na ci) da sono andata (na tafi). Ki lura, aikatau na tafiya da dawowa da essere, wato aikatau ɗin da sono ta fito daga cikinsa, suke tafiya, kuma da yake ke mace ce andata za ki ce, maigida ya ce andato. Congiuntivo, salon aikatau na fata da shakka, ki bar shi sai baɗi. Masanin harshe Tullio De Mauro ya ware kalmomi kusan 2,000 da ke ɗauke da mafi yawan maganar yau da kullum. Mai yiwuwa littattafanki biyu sun kusa kai wannan, amfani da su ne ya rage.

Hajiya daga Modena: Na manta. Malamar ɗanki "Lei" za ki ce mata, kamar yadda muke ce wa manya "ku". Gobe ki ce: "Scusi, può parlare più lentamente?" Wato ki yi haƙuri, ko za ki iya magana a hankali? Za ta rage sauri, sun saba.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri, Hajiya na gode. Na rubuta jimlar a tafin hannuna. Maigida ya ce akwai reshen CPIA kusa da mu, Litinin zai raka ni. Sai dai ƙaramar 'yata ba ta kai shiga makaranta ba. Akwai wadda ta san ko ana barin uwa ta shiga aji da goyo?