Ina Matiyu 17:21 ta shiga? Ku taimaka mini da bayani

Malamar Yara:

Salama gare ku 'yan'uwa cikin Almasihu. Ina koyar da matasa a makarantar Lahadi. Muna karatun Matiyu sura 17, labarin yaron nan mai farfaɗiya da almajirai suka kasa warkarwa, sai wata yarinya da ke bi a wayarta ta ɗaga hannu ta ce a nata an tsallake daga aya 20 zuwa 22. Na karɓa na duba, haka ne. A tsohon littafin da ke hannuna kuwa aya 21 tana nan daram, inda aka ce irin wannan ba ya fita sai da addu'a da azumi.

Akwai kuma wani abokin aikina da kullum zancensa ke nan, wai an taɓa Littafi Mai Tsarki, an cire an ƙara, wai a taron shugabannin ikilisiya na birnin Nikiya sarki ya zaɓi littattafan da yake so ya ƙone sauran. Da can ba na kula shi. Yanzu ga aya ta ɓace a kan idona. Wa ya cire ta? Kuma guda nawa ne haka? Don Allah wanda ya sani ya yi mini bayanin da zan iya maimaita wa yara.

Sojan Giciye:

'Yar'uwa, kada ki bari wannan ya girgiza ki. Ubangiji ya ce sama da ƙasa za su shuɗe amma maganarsa ba za ta shuɗe ba. Sababbin fassarorin nan ne ke yanke ayoyi. Ki riƙe tsohon naki, ki hana yaran karatu a waya, magana ta ƙare.

Tsohon Malamin Baibul:

'Yata, sannu da hidima. Yarinyar nan ki yaba mata, da ido buɗe take karatu. Ɗana Soja, ka yi haƙuri, amma shawararka ba za ta fisshe mu ba. In ka hana yaro dubawa yau, gobe wani zai nuna masa a waje, ya ƙara da cewa ka ga abin da suke ɓoye muku. Ta nan ake rasa yara.

Lambobin nan dai ba Matiyu ne ya sa su ba. Manzanni sun yi rubutunsu ba sura ba aya. Rabon surorin da muke bi ya zo ne a ƙarni na 13, ana danganta shi ga Stephen Langton, babban bishop na Kantabari a Ingila. Lambobin ayoyin Sabon Alkawari kuwa wani mai buga littattafai ɗan Faransa, Robert Estienne, shi ya sa su a 1551, kuma abin da ke gabansa ya bi ya lambata. Abin da ke gaban nasa ya samo tushe ne daga aikin wani masani ɗan Holand, Erasmus, wanda ya fitar da Sabon Alkawari na Helenanci a buge a birnin Basel a 1516. Mutumin ya yi ƙoƙari, sai dai kofen hannu da suka zo hannunsa ba su kai goma ba, yawancinsu kuma na wajen ƙarni na 12 ne. Daga wannan zuriya fassarar King James ta 1611 ta fito, da tsofaffin fassarori da dama.

Daga baya aka samu kofen da suka girme su nesa ba kusa ba. Wani Bajamushe, Tischendorf, ya je gidan sufaye na Santa Katarina a gindin Dutsen Sina'i, a 1844 ya ga wasu shafuka, a 1859 ya ga sauran. Shi ne kundin da ake kira Sinaitikus, rubutun ƙarni na 4. Yana da tsara a ɗakin littattafai na Batikan, ana ce masa Batikanus. A Batikanus babu Matiyu 17:21 sam. A Sinaitikus ma wanda ya fara kwafar bai rubuta ta ba, wani mai gyara ne ya ƙara ta daga baya.

To daga ina ta fito? Buɗe Markus 9:29. Labarin ɗaya ne, kuma can maganar take. Mai kwafa da ya haddace Markus, da ya zo wannan wuri a Matiyu, sai ya ga kamar an manta da ita, ya cike. Na bayansa suka kwafa yadda suka tarar. Saboda haka masu fassarar zamani ba yanke wa Matiyu magana suka yi ba, sun mayar da shi yadda tsofaffin kofe suka nuna ne. Lambar kuma suka bar ta ba kowa don kada lissafin sauran ayoyi ya rikice. Ki sa yarinyar ta taɓa ƙaramar alamar da ke ƙarshen aya 20, sau da yawa za ta ga ayar a bayanin ƙasa. Mai son ɓoye abu ba ya barin gurbinsa da lamba a kai.

Ayoyin da ke haka wajen 16 ne. Akwai Matiyu 18:11, wadda maganarta ke Luka 19:10, da Yohanna 5:4, da Ayyukan Manzanni 8:37. Sai dogayen wurare biyu, Markus 16:9-20 da Yohanna 7:53 zuwa 8:11, wato labarin matar da aka kama da zina, waɗanda yawanci ake bugawa cikin alamar baka biyu tare da bayani.

Abin da nake so ki riƙe shi ne yadda aka yi aka gane. Malami ya yi wa ɗalibai shifta, takardarsa ta ɓata. In takardar ɗalibi ɗaya ce ta rage, duk kuskuren da ya yi ya zauna, ba mai ganewa. In takardu ɗari ne, ka jera su, inda ɗaya ya kauce sauran za su tona shi. Kofen hannu na Sabon Alkawari da Helenanci sun haura 5,000, na Latin wajen 10,000, ga na Suriyanci, da Kibɗanci na Masar, da Armeniyanci, da Ge'ez na Habasha. Bambance-bambancen da ke tsakaninsu suna da yawa, dubban ɗaruruwa ne, ban ɓoye miki ba. Amma mafi yawansu harafi ne ya faɗi, ko kalma ta riga kalma, abin da ko a fassara ba ya fitowa. Yawan kofen ne ya kawo yawan bambancin, shi ne kuma ya ba mu hanyar tacewa.

Zancen Nikiya kuwa, abokin aikinki ji ya yi, bai bincika ba. An yi taron a 325, a zamanin sarki Kwanstantin. Abin da ya tara su koyarwar wani malamin ikilisiya Ariyus ce, mai cewa Ɗan Allah halittacce ne, sai batun ranar Ista da wasu dokoki 20 na tafiyar da ikilisiya. Babu ko ɗaya a kan waɗanne littattafai za su shiga. Tun wajen 180 Ireniyus, bishop na Liyon, ya rubuta cewa Bishara huɗu ce, ya ambaci sunayensu. Akwai kofen Yohanna da ake kira P66, da na Luka da Yohanna da ake kira P75, na wajen shekara ta 200, waɗanda suka kwanta a ƙasar Masar har ƙarni na 20. Sarkin da ba a ma haife shi ba lokacin da aka rubuta su, ta yaya zai gyara su? Sarkin da ya ba da umarnin ƙona Littattafai shi ne Diyokletiyan a 303, shi kuwa so ya yi ya shafe bangaskiyar gaba ɗaya, bai kuma iya ba.

Mai Neman Sani:

Baba, na ƙaru, amma raina bai kwanta duka ba. Labarin matar da aka kama da zina, wanda kowa ke ƙauna, kana nufin ba Yohanna ne ya rubuta ba? Na kuma ji 1 Yohanna 5:7, inda aka ce Uba da Kalma da Ruhu ɗaya ne, ita ma haka take. Ashe Triniti bai taɓu ba? Sannan ko an kwafa daidai, wannan bai nuna abin da aka rubuta gaskiya ne ba. Ana iya kwafar ƙarya ba kuskure.

Tsohon Malamin Baibul:

Ɗana, maganarka ta ƙarshe daidai ce, kuma ina so masu kāre bangaskiya su daina haɗa biyun. Kofe suna gaya mana abin da manzanni suka rubuta ne kawai. Ko gaskiya suka faɗa, wannan zancen shaidu ne. A nan nakan kai mutum 1 Korantiyawa 15, wasiƙar da Bulus ya rubuta wajen shekara 25 bayan giciye, inda ya jera waɗanda suka ga Yesu a raye, ya ce fiye da 500 sun gan shi a lokaci ɗaya kuma yawancinsu suna nan da rai. Mutum na iya ƙin yarda da su, amma ba zai ce ƙarnuka ne suka ƙaga labarin ba.

1 Yohanna 5:7 a doguwar sigarta ba ta cikin tsofaffin kofen Helenanci, ta wajen Latin ta shigo. Erasmus kansa bai sa ta a bugunsa na 1516 da na 1519 ba, sai a na 1522 bayan an yi masa ca. Ka kuma lura, Atanasiyus, bishop na Iskandariya, ya kwashe rayuwarsa yana jayayya da mabiyan Ariyus, bai taɓa jawo wannan aya ba. Da tana cikin littafinsa, ai da ita zai fara. Da Yohanna 1:1, da Matiyu 28:19, da irinsu aka tsayar da koyarwar, kuma suna nan.

Labarin matar kuwa babu shi a P66 da P75, babu a Sinaitikus da Batikanus, wasu kofen ma a ƙarshen Luka 21 suka ajiye shi. A ganina tsohon labari ne da masu bi suka riƙe a baka har ya samu wurin zama, Jerom da Agustin, manyan malaman ikilisiya na da, duk sun san shi. Ina karanta shi, ina jin muryar Ubangiji a ciki, amma ba na kafa koyarwa a kansa shi kaɗai. Wasu fastoci ba za su yarda da ni ba, ban kuma ga laifinsu ba.

Ɗalibar Tauhidi:

In ƙara kaɗan a kan Tsohon Alkawari, da izinin Baba. Cikakken kofen Ibrananci mafi tsufa da ke hannu shi ne kundin Leningrad da ke Rasha, na wajen 1008. A 1947 aka fara gano naɗaɗɗun littattafai a kogunan dutse na Kumran, kusa da Tekun Gishiri, ciki har da Ishaya sura 66 cif, wanda aka kwafa fiye da shekara 100 kafin haihuwar Almasihu. Tazarar ta wuce shekara 1,000, amma Ishaya 53 da ke can ita ce wadda muke karantawa, sai bambancin rubutu da 'yan kalmomi. Sai dai kada mu ce ko'ina haka ne. Irmiya na tsohuwar fassarar Helenanci ya fi na Ibrananci gajarta, kuma a Kumran an samu gutsattsarin iri biyun.

Sojan Giciye:

Na ji duka, amma ni dai tsoro nake ji. Ru'ya ta Yohanna 22:19 ta ce duk wanda ya rage wani abu, Allah zai cire rabonsa daga littafin rai.

Tsohon Malamin Baibul:

Tsoron nan mai kyau ne, ɗana. Amma ka koma aya 18, gargaɗin ya fara ne da mai ƙarawa. Ayar da ka jawo ma tana da nata labari. Kofen Ru'ya guda ɗaya tak Erasmus ya samu, shafin ƙarshe kuma ya ɓace, sai ya ɗauki ayoyi shida na ƙarshe daga Latin ya mayar da su Helenanci da kansa. Ta nan "littafin rai" ya shiga aya 19 a King James. Kofen Helenanci "itacen rai" suka ce. Ka duba naka ka gaya mana wanne ke ciki.